Sunan Ɗan Fari a Asibitin Indiya

Mutumin farko da ya cuce mu a Indiya sunansa Kiran. Tun muna Boɗinga aka haɗa ni da shi ta waya, wai shi ke tarbar marasa lafiya daga ƙasashen waje, ya sama musu masauki, ya kai su asibiti. Da muka sauka a Chennai sai ga shi da murmushi har kunne. Ya karɓi jakar Inna, ya dafa ƙirji ya ce, "Kiran." Inna ta dube ni ta ce, "Kiran wa?" Na ce ai sunansa ke nan. A mota na tambaye shi ma'anar sunan, ya ce da yarensu hasken rana ne da ke ratsowa cikin ɗaki. Ɗakin da ya kai mu ko taga babu. Ya karɓi ladansa, ya ce gobe da sassafe zai zo ya kai mu wajen likita. Tun daga ranar ban sake sa shi a ido ba. Na buga wayarsa har ɗan yatsana ya gaji, kuma ban taɓa ganin mai suna Kiran da ya tsani kira irin wannan bawan Allah ba.

Ni malamin Turanci ne a wata makarantar sakandare a Boɗinga. Inna ita ce mahaifiyata, 'yar ƙasar Shagari, daga wajen Kajiji aka auro ta. Ciwon kai ya daɗe yana cinta, har idonta na hagu ya fara dushewa, likitocin Sakkwato suka ce ƙari ne a cikin kanta, sai an yi aiki. Dangi suka haɗa ƙarfi. Da aka zo maganar wanda zai raka ta, babu wanda ya yi musu: ni ne babba, kuma ni ke da Turanci.

Turancin nan ya ba ni kunya. Shekara da shekaru ina gyara wa 'ya'yan mutane nahawu, amma a bakin titin Chennai na tsaya ina tambayar mai keke mai ƙafa uku hanyar asibiti, yana zubo mini magana kamar ana zuba tsakuwa a kwano, ban tsinci ko ɗaya ba. Na ce zai kai mu? Ya kaɗa kai gefe da gefe. Na ɗauka ya ƙi, na ja Inna muka yi gaba. Na biyu ma ya kaɗa kai, na uku ma haka. Sai Inna, wadda ko "a" ba ta sani ba a boko, ta ce, "Kai, diba da kyau. Kansu na cewa a'a, amma hannunsu na buɗe muna wurin zama." Ashe a can haka ake cewa e. Muka shiga.

A asibiti aka ba Inna gado a ɗakin mata na baƙin ƙasashen waje. Nas ɗin da ke kula da ita wata siririya ce mai fara'a, ta nuna kanta ta ce, "Tara." Inna ta leƙa bayanta ta ce, "To ina sauran takwas?" Da na fassara wa Tara ta yi dariya har ta riƙe gado. Ta ce sunanta tauraruwa yake nufi, ubanta ya sa mata don ya ce ita za ta haska masa gida. Abin ya burge Inna, amma ba ta bar tsokanar ba. Duk nas ɗin da ta shigo bayan Tara sunanta Goma.

Su kuma can duk tsohuwa "Amma" suke ce mata, wato uwa. Safe da yamma sai ka ji, "Amma, Amma." Inna ta haƙura, ta haƙura, rannan ta kira ni gefe ta ce, "Wai ɗiyan ga mi ad damuwarsu? Kullum amma, amma. Amma mi? Su ƙarasa maganar mana, in wani abu suka gani a jikina su hwaɗa."

Wanda ya kwantar mata da hankali shi ne likitan da zai yi aikin. Baƙi ne wuluk, ya fi ni duhu, da furfura a gefen kunne. Ya ce sunansa na da tsawo, a kira shi Bala kawai. Inna ta tashi zaune. "Alhamdu lillahi, ɗan gida na! Bala, ashe Laraba anka haihe ka. Ɗan wane gari na kai?" Ta yi ta zuba masa Hausa, yana kaɗa kai gefe da gefe, ita kuma yanzu ta san wannan e ce, sai ta ƙara himma. Na gaya masa a wajenmu Bala yaron da aka haifa ran Laraba ne. Ya ce a wajensu ƙuruciya ce, wasu kuma su ce ƙarfi. Inna ba ta yarda ba. Ta ce iyayensa dai sun daɗe a nan ne har ya manta harshe.

A gadon da ke kusa da nata akwai wata mata 'yar Ghana da aka yi wa aikin ƙugu, mijinta na jinyarta. Shi ya fara miƙo mini hannu ya ce sunansa Kofi, matarsa kuma Akua. Na san abin da zai biyo baya, na yi sauri na harari Inna, amma ina. Ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. "Kohi da akuya? Wa ya yi ma bayin Allan ga haka?" Kofi ya matsa sai na gaya masa abin dariyar. Na gaya masa a kunyace: shi abin shan shayi ne, matarsa kuma dabbar da ke cin shanyar mutane. Ya yi dariya har da hawaye, ya ce shekara talatin yana neman wanda zai gaya wa matarsa gaskiya. Sannan ya bayyana mana cewa su da ranar haihuwa suke sa suna: Kofi ɗan Juma'a, Akua 'yar Laraba. Inna ta ce, "Au, Ɗanjuma da Balaraba na! Mi ya hana su hwaɗi tun ɗazu?" Daga ranar ita da Akua suka ƙulle. Ba mai jin harshen wata, amma sai su wuni suna hira da hannu da ido.

Wadda ta girgiza Inna ita ce wata Balarabiya daga Oman da ke gadon ƙarshe. Kowa Ummu Khalid yake ce mata. Na yi wa Inna bayani cewa Larabawa da sunan ɗan fari suke kiran uwa, don girmamawa. Inna ta zaro ido. "Da sunan ɗan hwari? Tana ji, tana amsawa? Larabawa da kansu?" Ɗan matar, wanda ke jinyarta, ya tambaye ni sunana, na ce Attahiru. Ya ce to ai Inna ita ce Ummu Tahir. Ya juya ya gaishe ta da haka cikin ladabi. Inna ta ja bargo ta rufe kanta ruf, ba ta fito ba sai da ya bar ɗakin.

A nan ya kamata in tsaya in yi bayani, ko da yake duk ɗan gidanmu ya san zancen. Ni ɗan fari ne, kuma sunan kakana na wajen uba aka mayar mini, wato surukin Inna. Kunya biyu ke nan a kan suna ɗaya. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Kai" nake, ko "yaron ga", ko in ta ji daɗina, "wancan". Ga furfura a gemuna, ɗalibai na rusuna mini a kasuwa, amma a wajen Inna ni yaron ga ne. Ban taɓa ɗaukar abin da zafi ba. Haka na ga ana yi, kuma na san a hannun da ke ƙara mini nama a ɓoye take faɗin abin da baki ya hana ta.

Kwanakin jiran aiki sun yi mana tsawo. Abincinsu kamar an yi faɗa da mai barkono, shinkafa safe, shinkafa rana. Inna ta rame da kewar fura. Tara ce ta lura, ta fara kawo mata kindirmo daga gidansu a ɗan ƙaramin kwano, ba wanda ya sa ta. Inna ta kan sha ta lumshe ido ta ce da akwai gero da an gama magana. Ni ma kewar gida ta kama ni, har jiniyar jakin maƙwabcinmu da ke hana ni barcin rana na yi marmari.

Ranar aiki na zauna a bakin ƙofar ɗakin tiyata ina jan carbi, ina ji kamar ni ake yankawa. Da aka turo ta, kai naɗe da farin ƙyalle, ga roba a hanci, na miƙe don in yi wa likita godiya da Turanci mai kyau. Abin da na sani ke nan. Na farka na ga ƙafafuna a kan kujera, Kofi na yi mini fifita da jarida, Akua kuma, da ta fito gwajin tafiya da sandunanta, tana tsaye a kaina tana kallo. Na roƙe su kada Inna ta ji.

Aiki ya yi kyau, an cire ƙarin. Da ta farfaɗo sosai sai Likita Bala ya zo da ƙananan likitoci a bayansa. Ya ce hoton da aka sake ɗauka ya nuna ɗan ruwa ya taru a wurin. Irin wannan, in ji shi, sau da yawa yakan tafi da kansa. Amma idan yana danne ƙwaƙwalwa har hankali ya fara rikicewa, dole a sake buɗe kan a zuƙe shi. Don haka zai yi mata 'yan tambayoyi. Ya ɗaga mini yatsa ya ce, "Na san 'yan uwan marasa lafiya. Uwa ta ce doki, ɗa ya fassara mini da amsar da nake so. Saboda haka sunaye kawai zan tambaya. Su ba sa bukatar tafinta, da kunnena zan ji."

Nan take na hango inda za mu.

Ya ce in tambaye ta sunanta. Inna ta ce, "Kulu." Ya duba allon da ke jikin gadon, an rubuta Hauwa'u Shagari. Na ce ai duk Hauwa'u Kulu ce a wajenmu. Ya dube ni. Ya ce daga wane gari take? Ta ce, "Shagari." Ya ce a'a, wannan ai sunanta ne, gari ya tambaya. Na ce mu da sunan gari muke cike suna. Ƙananan likitocin suka kalli juna. Ya ce to mene ne sunan mijinta? Inna ta sunkuyar da kai ta ce, "Hwaɗa mai Malam na." Likita ya ce Malam ne sunan? Na ce a'a, amma haka take kiransa, har ya rasu. Ya ja numfashi. Sai ya dafa kafaɗata ya ce, "Wannan fa? Wane ne? Mene ne sunansa?"

Na fassara. Inna ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Shi bai sani ba, kai ma ba ka sani ba?" Ta juya fuska bango.

Likita Bala ya fitar da ni waje. Ya ce tambaya huɗu, ba ta ci ko ɗaya ba, kuma matar da ta kasa tuna sunan ɗanta abin tsoro ce. Na tattaro duk Turancin da na mallaka na yi masa lacca a kan alkunya, irin wadda ban taɓa yi wa 'yan aji shida ba. Ya saurara. Ya ce zancen miji ya yarda, don kakarsa ma har ta mutu ba ta ambaci sunan kakansa ba, "mai gidan nan" take cewa. Amma ɗa? Ya ce bai taɓa jin ƙasar da uwa ke jin nauyin sunan abin da ta haifa ba. Mai yiwuwa gaskiya nake faɗa, mai yiwuwa kuma tsoron aiki ne ya sa ni ƙirƙira. Shi ba zai yi caca da kan mutum ba. Zai dawo gobe da hantsi. In ta faɗi sunana, a bar ruwan ya tafi da kansa. In ba ta faɗa ba, a shirya ta.

Na koma na durƙusa a gaban gadon. Na ce, "Inna, don Allah ki taimake ni. Kalma guda ta. Ki hwaɗa, mu tahi gida."

"Ba ni hwaɗi."

"Sun ce za su sake yanka kanki."

"Su yanka. Kaina na."

"Inna, nan Indiya ta. Wa ka ji? Ba kowa nan daga Boɗinga."

"Ni ina ji," in ji ta. "Kuma Allah na ji."

Na ce ai ba haramun ba ne, ga Ummu Khalid can. Ta ce Ummu Khalid da garinsu, ita da nata. Raina ya ɓaci, na faɗa mata maganar da ban taɓa faɗa ba, na ce wannan ba kunya ba ce, taurin kai ne. Ta ce to an gode, malamin makaranta.

Kofi ya kawo dabara. Ya ce a nuna mata wani mutum daban a ce shi ma Attahiru ne, ta kira shi. Na ce ko akuyar gidanmu aka sa wa sunan ba za ta kira ba, ya ce in bar matarsa daga cikin zancen. Tara ta ce ko ta rera shi cikin waƙa? Ɗan Ummu Khalid ya ce ta ce "ɗahir" kawai, ai kalmar tsarki ce, ko a karatun alwala akwai ta. Na kai wa Inna wannan da murna. Ta ce, "Tun ran da anka raɗa ma suna, in na zo wurin nan a karatu tsallakewa ni kai." Na fita na zauna a matakala, na rasa abin da ke mini daɗi. Tsoro nake ji ƙwarai. An buɗe kan tsohuwa sau ɗaya ta tashi, ban san ko za ta tashi a na biyu ba, kuma ban san da wane baki zan gaya wa ƙannena cewa sunana ne ya kashe ta ba.

Da na dawo da la'asar sai na tarar da wasan kwaikwayo. Akua na tsaye a tsakiyar ɗaki da sanda ɗaya. Ta nuna kan Inna, ta yi alamar naɗi. Ta nuna kujerata. Ta gyara wuyan riga irin yadda nake yi, ta buɗe baki kamar mai shirin jawabi, sai ta juya ido ta sulale kan gadonta, ƙafa a sama. Duk ɗakin aka kwashe da dariya, har Ummu Khalid. Amanar da na ba su ke nan. Inna kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Hwaɗuwa ka yi?" Na ce santsi ne. Ta ce, "Uhm."

Washegari da hantsi Likita Bala ya shigo da rundunarsa. Kafin ya buɗe baki Inna ta ce mini, "Hwaɗa mai ya sallami yaran ga nashi." Aka sallame su. Ta ce a ja labule. Aka ja. Sannan ta ce, "Kai ma hita."

Na ce, "Inna, wa za ya yi maku tahinta?"

"Shi yac ce suna ba ya son tahinta. Hita. Kuma ba don kaina ba na. Ba ni son ka sake zubewa gaban mutane, ƙato da kai, ka ja muna abin hwaɗi har Ghana."

Na fita, Tara ta rufe ƙofa. Ba zan ɓoye ba, na manna kunnena da ƙofar nan kamar ɓarawo. Shekara arba'in da 'yan kai ban san ina son jin abin nan ba sai a wannan lokaci, kuma na so shi har cikin raina. Daidai nan wani bawan Allah ya turo keken kwanukan abinci ta bayana, ƙafa ɗaya na ƙara, kwanuka na kaɗawa. Kafin ya wuce an gama. Ban ji komai ba.

Likita ya fito yana goge tabarau. Ya ce, "Babu aiki. Hankalinta ya fi nawa." Ya ce da ya maimaita sunan ya ce Tahir, sai ta daka masa tsawa, ta sa shi ya yi ta faɗa har ya daidaita. Sai ya gyara murya ya faɗa mini yadda ta koya masa: "Attahiru." Wallahi ba bakin Indiya na ji ba. Da jan nan na mutanen Kajiji ya fito, da ɗan saukar muryar da Inna ke yi a ƙarshen magana.

Ya juya zai tafi, sai ya dawo. Ya ce, "Abu ɗaya ne ban gane ba. Ku da sunayenku masu yawa. Duk sanda ta faɗa sai ta ƙara wata kalma a baya, kuma ba na jin ka taɓa gaya mini ita. Attahiru Nau. Nau ɗin sunan gari ne shi ma?"

A bakinmu na Sakkwato, nau shi ne nawa.

Na buɗe baki, Turancin ya ƙi zuwa. Likita na tsaye yana jira. Da ƙyar na ce masa, "Ba gari ba ne, likita. Amma daidai ta faɗa. Cikakken sunana ke nan."